Gilashin kan leza na yana ta ƙonewa, laifin gilashin ne ko na injin?

"Assalamu alaikum Injiniya, dan Allah ina neman shawara. Ina da shagon yankan leza a Kano, na daɗe da injin CO2 mai wat 130 da nake yanka akirilik da MDF, bana kuma na ƙaro na faiba mai kilowat 3 saboda aikin get da tagogi. Matsalar itace gilashin kariya na kan faiban baya kwana uku sai yayi tabo baƙi ya ƙone, wani lokacin ma rana ɗaya. Wanda ya sayar min da injin yace wai na bogi nake sawa, in sayi orijinal mai tsada. Shi kuma na CO2 da safe yana yanka lafiya lau, zuwa azahar sai ya daina ratsa katakon. Shin in canza lens ɗin ne gaba ɗaya, wane iri zan saya, kuma ya ake kula dasu?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara buɗi a sana'a. In na fahimce ka abu biyu ne ke damunka, gilashin kariya dake mutuwa da wuri a injin faiba, da kuma injin CO2 da ƙarfinsa ke raguwa in rana tayi, kuma kana so ka san ko kuɗi zaka ƙara ka sayi mai tsada a wuce wajen. Amsata a taƙaice itace kar ka fara da saye. A yawancin shagunan da nake shiga gyara, ba hasken lezar ke kashe gilashi ba, dattin da ya zauna a kansa ne, kuma in baka gano ta inda dattin ke shigowa ba toh orijinal ɗin ma haka zai ƙone, sai dai asarar ta fi yawa. Mai sayarwar zai iya yin gaskiya fa, akwai gilashin banza a kasuwa sosai, zan zo kan wannan, amma shine abu na ƙarshe da nake zargi.

Me yasa ɗan tabo ke fasa gilashi

Gilashi mai tsafta hasken wucewa yake ta cikinsa, kusan baya riƙe komai. Amma ƙwayar ƙura ko ɗigon mai ko tartsatsin ƙarfe in ya manne a jikinsa shi baya barin haske ya wuce, shanyewa yake, kamar dai yadda baƙar riga ke kwasar zafi a ranar watan Afrilu fara kuma bata yi. Yanzu kayi lissafi da injinka, wat 3000 ke bi ta wannan ɗan gilashin, in datti ya shanye kashi 1 cikin 100 kawai wat 30 kenan a wuri ɗaya ɗan mitsitsi, kuma wat 30 ya isa ƙarfen soda ya narka dalma. Wurin sai yayi zafi, shafen dake kan gilashin ya ƙone yayi baƙi, baƙin ya ƙara shan haske, haka zai ta ci har ya huje ko ya tsage. Shi yasa zaka ga da safe tabon kamar kan allura, kafin la'asar ya zama kamar ƙwayar gero.

Kafin ma ya fashe akwai abinda yake yi wanda mutane basa lura. Gilashi in tsakiyarsa tayi zafi gefe kuma da sanyi, yana ɗan kumbura kuma yadda yake lanƙwasa haske ya canza, sai fokas ɗinka ya tashi sama daga inda ka saita shi. Alamar itace farkon faranti ya yanku tsaf, bayan wasu mintoci sai ƙasan yankan ya fara tara kashin ƙarfe, in ka tsaya ya huce ka dawo sai ya gyaru. Duk wanda yaga haka ya duba gilashi kafin ya taɓa saitin gudu ko ƙarfi, domin ƙara ƙarfi a kan gilashi mai datti saurin kashe shi kawai yake.

Injinanka biyu, gilasansu basa musaya

Wannan sai na faɗa saboda na sha ganin yara a shago suna haɗa su a leda ɗaya. Lezar CO2, wadda Kumar Patel ya ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka a 1964, tsawon zangon haskenta maikuromita 10.6 ne, ita kuma faiba wajen 1.07 ne, kaga kusan ninki goma tsakaninsu. Gilashi na yau da kullum baya barin hasken CO2 ya wuce, shanye shi yake gaba ɗaya, shi yasa lens ɗinsa ake yinsa da ZnSe, wannan mai kalar ruwan ɗorawa zuwa lemo. Na faiba kuma da tataccen kwatz ake yi, fari tas kamar ruwa. Kowanne an shafa masa wani siririn shafe da aka auna daidai da haskensa don ya hana haske dawowa baya. ZnSe da ba shafe yana mayar da kusan kashi 17 na haske a kowace fuska, kwatz kuma kashi 3 da ɗoriya, wanda a injinka wajen wat 200 kenan suna yawo a cikin kan in ka haɗa fuska biyun. Toh kaga shafen nan shine rabin kuɗin da kake biya, kuma shine abu na farko da goga da tsumma ke cirewa.

Gilashin kariya na faiba, karanta wanda ya ƙone

Kar ka ƙara jefar da wanda ya mutu. Ka ajiye su, kayi alama a gefensu wace fuska ce ke kallon ƙasa, ka haska tocilan waya a karkace ka duba da kyau, domin shi gilashin da kansa zai gaya maka abinda ya kashe shi.

In ɗige-ɗige ne kamar an watsa yashi a fuskar ƙasa, tartsatsi ne ke tasowa, kuma kusan kullum lokacin huda faranti yake faruwa kafin yanka ya fara. A wannan lokacin narkakken ƙarfe bashi da hanyar fita ta ƙasa sai ya fantsamo sama ta cikin nozul. Maganinsa a saiti yake, a ɗaga kan sama sosai lokacin huda fiye da tsayin yanka, a huda mai kauri mataki biyu ko uku da haske mai bugawa kaɗan-kaɗan maimakon a sakar masa ƙarfi gaba ɗaya, sannan a tabbatar gas ya riga haske fitowa, wato a bashi ɗan jinkiri ya cika nozul kafin lezar ta kunna. Da yawa masu aiki suna rage wannan jinkirin ko su rage matsin gas don silinda ta daɗe, sai su tsimi kuɗin gas su biya a gilashi. Kuma kai da kake aikin get, zanen furanni da ramuka ɗari-ɗari a faranti ɗaya, huda kake yi fiye da mai yanka dogon layi, dole naka yafi shan wahala. Faranti mai tsatsa ko mai fenti ko galbanaiz shima yafi tartsatsi, in da hali a goge saman kafin a ɗora.

In kuma ba ɗige bane, wani hazo-hazo ne ko maiƙo mai kalar bakan gizo ya rufe fuskar, toh gas ɗinka ne. Anan nafi zargi a shagunanmu saboda tsadar naitirojin tasa kusan kowa ya koma yanka da iskar kwamfaresa, kuma iskar kwamfaresa in ba'a tace ta ba ruwa da mai take ɗauke dasu, kai tsaye kuma ƙarƙashin gilashin take shiga. Gwajin ba wuya, kashe lezar, ka riƙe farin tishu a ƙasan nozul ka saki iska na wasu mintoci, in kaga danshi ko rawaya-rawaya ka samu ɓarawonka. Yanka da iska yana buƙatar diraya mai sanyaya iska da filtoci a jere masu cire ruwa da mai, a riƙa zubar da ruwan tanki kullum, a canza cikin filta a kan lokaci. Kuma in mai ya riga ya shiga tiyo, canza filta kaɗai bazai isa ba, tiyon zai cigaba da tofo shi sai an wanke ko an canza.

Na uku, in tabon a fuskar sama yake, tartsatsi baya kaiwa can, ƙura ce ta shiga lokacin da aka zaro aljihun gilashin, ko robar dake rufe gefensa ta gaji. Da hunturu a Kano wannan babbar matsala ce, ka zaro aljihun ka barshi a buɗe kana neman sabo a durowa, fanka na kaɗawa, wani na gurza ƙarfe a gefe, minti ɗaya ya isa. Ka shirya sabon gilashi a hannu tukuna, a kashe fanka, a goge jikin kan da kewayen aljihun kafin a buɗe, da ka zaro ka manne bakin ramin da salatif, ka sa ka mayar. Robar nan ma kaya ce mai ƙarewa, ana canza ta lokaci-lokaci, bata da tsada.

Akwai kuma raɓa, wadda da damina take kamawa. Cila ta faiba layin ruwa biyu gareta, ɗaya na injin hasken ɗaya na kan yanka, kuma na kan ana barinsa kusa da zafin ɗaki. In wani ya sauke shi yayi sanyi sosai a watan Agusta da iska ke cike da danshi, gilasan ciki sai suyi gumi, ka kunna haske a kan jiƙaƙƙen gilashi shikenan. Sannan ka duba ko hasken na fita ta tsakiyar nozul, manna salatif a bakin nozul ka harba da ƙaramin ƙarfi, ramin ya fito a tsakiyar da'irar. In ya karkace yana dukan gefen nozul, gas baya fita daidai, tartsatsi ya samu hanyar hawa.

Toh wane iri zaka saya

In ka gyara duk waɗannan, sannan maganar inganci ta shigo. Abu na farko girma, kuma kan yankan ne ke faɗa maka ba injin ba, ka duba sunan dake jikinsa ko Raytools ne ko WSX ko Precitec da lambarsa. Da yawa daga kawunan Raytools na wannan ƙarfin suna cin milimita 27.9 faɗi da 4.1 kauri a ƙasa, da 24.9 da 1.5 a sama, manyan kawuna kuma 37 da 7, amma ka auna naka ko ka duba littafinsa. Kaurin yana da muhimmanci saboda shi gilashin ƙasa shi ke tare matsin gas, in yayi siriri robar bazata kama ba gas ya haura sama da datti. Na biyu ya zama kwatz na gaske mai shafe a fuska biyu na hasken 1064 zuwa 1080, kuma an rubuta ƙarfin da yake ɗauka ya kai naka ko ya wuce. Masu arha sosai wasunsu gilashin K9 ne, da ido bazaka bambance ba, yana iya yi a ƙaramin inji amma a kilowat 3 yafi shan zafi, fokas ya dinga yawo tun yana sabo.

Yadda zaka raba gardama da mai sayarwa cikin sauƙi shine ka sayi orijinal guda biyu kawai, ka sa a irin aikin da ka saba da irin farantin da ka saba ba tare da ka canza komai ba. In suma sun mutu a kwana biyu da irin tabon da, ba gilashi bane. In sun daɗe sosai toh yayi gaskiya. Ni ra'ayina, gilashin kariya an yi shi ne don ya mutu a madadin lens na ciki masu tsada, don haka matsakaici mai kyau daga hannun dila ɗaya da ka yarda dashi, kana canzawa da zarar tabo ya fito, yafi mai tsada da zaka ji ciwon cirewa ka cigaba da aiki dashi da tabo. Wanda ya fashe a ciki yana watsa ɓurɓushi sama, daga nan kuɗin ya koma na lens ɗin fokas.

Su kuma lens na ciki, mai miƙar da haske da mai tara shi, kar ka canza tsawonsu da ka. Girman ɗigon haske ana samunsa ne in ka ɗauki kaurin zaren faiba ka ninka da tsawon na fokas ka raba da na mai miƙarwa, misali zare mai maikuromita 50 da 150 a kan 100 zai baka ɗigo mai 75. Gajere kamar 125 yafi sauri a siririn faranti, dogo kamar 200 yafi haƙuri da mai kauri kuma yana nesa da tartsatsi. Wanda yazo da kan yawanci yayi wa aikin get.

Injin CO2 da yake gajiya da azahar

Anan abu biyu nake zargi kuma ka fara da mai sauƙin, zafin ruwa. Kwalbar CO2 ƙarfinta raguwa yake in ruwan sanyaya ta yayi ɗumi, tafi son wajen digiri 20, in ya haura 25 zuwa 30 zaka fara gani a yanka kuma kwalbar na tsufa da wuri. Ka duba cilarka, in CW-3000 ce wannan bata sanyaya ruwa, fanka ce kawai ke hura shi, bazata taɓa sauke shi ƙasa da zafin shagon ba, a zafin Kano kuwa kasan me hakan ke nufi. Wat 130 tana buƙatar mai kwamfaresa a ciki irin CW-5200. Ka rubuta zafin ruwa da safe da kuma lokacin da yanka ya fara ƙi, in ya tashi sosai ka gama bincike.

In ruwan lafiya toh hayaƙi ne. MDF yana da gam a cikinsa, hayaƙinsa mai danƙo ne, yana hawa lens da madubi na uku dake saman kan, tun safe yana taruwa har azahar. Bayan aiki mai tsawo ka kashe injin ka taɓa bayan mazaunin madubai ukun ɗaya bayan ɗaya da bututun lens, wanda yafi sauran zafi shine ke cin ƙarfinka. Ka ƙara ƙarfin iskar dake fita ta nozul, ka duba fankar zuƙe hayaƙi ko ta toshe. Kuma dan Allah kar a yanka PVC ko ledar bana ko fatar roba da baka san da me akayi ta ba, hayaƙinta kulorin ne, yana zama asid ya cinye shafen lens da ƙarfen injin, ga huhun yaranka.

Wajen saye, lens mai inci 2 wato milimita 50.8 shine na kowane aiki. Inci 1.5 na zane mai ƙananan rubutu ne, in kuma akirilik mai kauri kake yawan yankawa ka ajiye inci 2.5 ko 4, gefen yankan yafi miƙewa duk da ɗigon yafi girma. Faɗinsa ka auna tsohon, akwai 18 da 19.05 da 20. Za'a ce maka akwai CVD da PVD, CVD yafi tsafta yafi barin haske ya wuce, a wat 130 shi zan zaɓa. In zaka sa, gefen da ya kumbura ya kalli sama inda haske ke fitowa. Madubai kuma akwai na silikon mai ruwan gwal wanda yafi mayar da haske amma baya son goga, akwai na molibdinom mai launin azurfa wanda ya ɗan gaza shi kaɗan amma yana jure wahala. Shagon da yara da yawa ke taɓa inji ga hayaƙin MDF kullum, molibdinom nake basu shawara.

Gogewa

Duba kullum, goge sai in da datti, domin kowace goga tana ɗan cin shafen. Wanke hannu kasa safar roba marar hoda, ka riƙe gilashi ta gefe kawai. Fara da hure ƙura da ƴar robar hura iska irin ta masu kyamara, banda baki, banda tiyon kwamfaresa. Sannan ka ɗora takardar goge lens a kai, ka ɗiga aisofurofil mai kashi 99 ko asiton mai tsafta ɗigo ɗaya ko biyu, ka ja takardar a hankali gefe guda ba dannawa, ka yar da ita ka ɗauki sabuwa in zaka maimaita. Sipirit na kemis yana da ruwa da wasu abubuwa a ciki, tabo yake bari, tishu da gefen riga kuma karce suke. In ka goge sau biyu uku tabo bai tashi ba, ya riga ya ƙone cikin shafen, canza kawai. Sababbi su zauna a kwalinsu a rufe cikin roba mai murfi, nesa da inda ake gurza ƙarfe.

Lens ɗin ZnSe in ya fashe ko ya ƙone yana da guba saboda siliniyom dake ciki, kar a shaƙi ƙurarsa, a kwashe da safar hannu a ƙulle a leda, a wanke hannu, kuma kar asid ya taɓa shi. Hasken faiba kuma ido baya ganinsa amma yana ratsawa har cikin ido ya ƙone shi babu gyara, duk mai tsayawa kusa da injin da ba rufi ya sa tabarau na leza da aka rubuta 1064 a jikinsa, baƙin tabarau na walda ko na rana baya tarewa.

Inda ya kamata ka tsaya

Duk wannan daga bayaninka nake magana, ban ga injin ba, kuma akwai matsalar da daga nesa ba'a yanke mata hukunci. In ka sa sabon gilashi mai tsafta, iska ta fito fes a tishu, nozul na tsakiya, amma har yanzu yanka na lalacewa bayan mintoci, ko jan hasken nuni in ka haska shi a farar takarda kaga baƙin ɗigo a ciki, toh dattin ya haura zuwa lens na ciki ko bakin zaren faiba. Wannan kar ka buɗe shi a shago, kar ka bar mai gyara ma ya buɗe a fili, ana yinsa ne a ɗaki mai tsafta ko akwatin iska tatacciya, kuma zaren faiba ana zare shi ne kan na kwance don kar ƙura ta faɗa ciki. In injin na cikin garanti ka kira wanda ya sayar maka tun kafin a kwance ko kusa ɗaya, ka ɗauki hoton gilasan da suka ƙone ta fuska biyu da hoton tishun gwajin iska da saitin hudarka ka tura masa, da su zai san ko shi zai zo ko kan zaka aika.